Yadda Ake Tantance Takardar Tambayoyin Ciwon Ƙoƙon Gwiwa a Harshen Turkanci

Ciwon ƙoƙon gwiwa yana cikin cututtukan da hoto bai cika nunawa ba. Majinyaci zai zo yana kukan gaban gwiwarsa na yi masa zogi duk sanda ya tsuguna, ko ya sauko daga bene, ko ya daɗe zaune a mota, a ɗauki hoton ƙashi a ga komai kalau. Shi ya sa likitocin ƙashi da na fisiyo suke dogara da abin da majinyacin ya faɗa da bakinsa, suna mai da shi lamba ta hanyar takardar tambayoyi. Da wannan lambar ake cewa atisaye ya yi amfani ko bai yi ba. To idan takardar da Ingilishi aka rubuta ta, majinyacin kuma Baturke ne a Ankara ko Konya, fassara kaɗai ba ta isa ba. Sai an tabbatar cewa abin da ya karanta shi ne abin da masu takardar suka tambaya, kuma lambar da ta fito tana tsaye da ƙafarta.

Ma'aunai biyu aka fi haɗuwa da su a wannan fage. Na farko na Urho Kujala ne da abokan aikinsa na ƙasar Finlan, wanda ya fito a 1993: tambayoyi 13, maki daga 0 zuwa 100, kuma yawan maki alamar sauƙi ce. Yana tambaya kan ɗingishi, tafiya, matakala, tsuguno, gudu, tsalle, dogon zama, kumburi, ramewar cinya da sauransu. An wallafa fassararsa ta Turkanci a 2010. Na biyu shi ne ma'aunin tsananin ciwon ƙoƙon gwiwa, wanda ake kira PSS a taƙaice, na Laprade da Culham na Kanada, a 2002: tambayoyi 10, kowacce da layi mai tsawon santimita 10 da majinyaci zai sa wa alama, kuma a nan yawan maki alamar tsanani ce. Bayanin da ke tafe ya ɗauki PSS a matsayin abin aiki, domin shi ne ke auna zafin ciwo kai tsaye, amma matakan duk ɗaya ne ga kowane ma'auni irinsa.

Kafin a taɓa kalma ko ɗaya

A rubuta wa masu ma'aunin a nemi izini, a adana amsarsu. A bincika ko wani ya riga ya fassara shi, domin fassara biyu masu yawo a asibitoci suna hana a kwatanta sakamako. Sannan a kai tsarin binciken gaban kwamitin ɗa'a, wanda Turkawa ke kira etik kurul, tare da takardar amincewar majinyaci. Bayanan lafiya suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Turkiyya mai lamba 6698, ta 2016, saboda haka lamba ake sa wa kowace takarda a madadin suna, a ajiye jerin sunayen a wani wuri dabam. A wannan tsarin ne kuma ake rubuta duk hasashen da za a gwada daga baya. Wanda ya bari sai ya ga sakamako sannan ya rubuta hasashe, ya gama da binciken tun bai fara ba.

Fassara, inda yawancin ɓarna ke faruwa

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Beaton da abokan aikinsa, ta shekarar 2000. Mutum biyu waɗanda Turkanci ne harshen uwarsu za su fassara takardar, kowa shi kaɗai. Ɗaya ma'aikacin lafiya ne da ya san abin da ake son aunawa, ɗayan kuma ba ruwansa da likitanci. Na biyun nan shi ne mai tsaron harshen talaka: likita zai iya rubuta patella, sunan ƙoƙon gwiwa a likitance, ba tare da ya ji komai ba, shi kuwa zai rubuta diz kapağı, kalmar da kowa ke faɗa. Daga nan su zauna da mai rubuta rahoto su haɗe fassarorin biyu, a rubuta duk inda suka saɓa da yadda aka warware. Sai a ba wasu mutum biyu da Ingilishi ne harshen uwarsu, waɗanda ba su taɓa ganin ta asali ba, su mayar da ita Ingilishi. A ƙarshe kwamiti ya zauna: masu fassarar duka, likitan ƙashi, likitan fisiyo, masanin harshe da masanin tsarin bincike.

Mayar da fassara Ingilishi tana kama manyan kurakurai ne kawai. Jimla tana iya komawa Ingilishi daidai wa daida, alhali Baturke ya karanta ta da wata ma'ana. Don haka aikin kwamiti shi ne bin kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kuma ga wuraren da ya kamata a daɗe a kansu.

Kalmar ciwo kanta. Turkanci yana da ağrı, da acı, da sızı, da sancı. Ağrı ita ce ta gama-gari a asibiti. Acı ta fi karkata ga zafi mai kaifi irin na yanka ko ƙuna, har ma da ɗacin rai. Sızı ɗan zogi ne mai nacin gaske, sancı kuma murɗa ce irin ta ciki ko naƙuda. A tsaya kan ağrı daga farkon takarda har ƙarshenta. Mai fassara da ke gudun maimaita kalma don salo zai canza abin da ake aunawa a tsakiyar takarda ba tare da ya sani ba.

Ƙarshen layin awo. Gefen hagu ba shi da rigima, ağrı yok, wato babu ciwo. Gefen dama ne abin lura. An saba rubuta dayanılmaz ağrı, ciwon da ba a iya jurewa, amma wannan ya shigo da maganar juriya, kuma mutumin da ke alfahari da dauriyarsa ba zai kusanci wannan gefen ba ko da gwiwar na hana shi barci. Idan ta asali cewa ta yi ciwo mafi tsanani da zai iya kasancewa, to a nemi jimlar da ta faɗi hakan kawai.

Gudu. PSS ya raba sassarfa da gudu mai ƙarfi zuwa tambayoyi biyu, Turkanci kuwa koşmak yake cewa ga duka. In ba a fayyace ba, majinyaci zai ga tambaya ɗaya sau biyu, ya sa alama wuri ɗaya, lissafi kuma ya nuna daidaito na bogi. Ana raba su da ƙarin bayani, kamar hafif tempoda koşu ga sassarfa da hızlı koşu ga gudu mai ƙarfi.

Matakala ma haka. Çıkmak hawa ne, inmek sauka ce, kuma masu wannan ciwo da yawa sun fi jin jiki wajen sauka. Dole kwamiti ya tabbatar ko ta asali hawa kaɗai take nufi ko amfani da matakala baki ɗaya, kuma idan akwai shakka a tambayi masu ma'aunin.

Mafi nauyi a cikinsu shi ne zama da gwiwa a lanƙwashe. Wanda ya rubuta tambayar a Kanada kujera yake gani a ransa: aji, ofis, mota. A gidaje da yawa na Turkiyya kuwa ana cin abinci a ƙasa, a yer sofrası, ana zaman harɗe da suke kira bağdaş kurmak, ana zama kan dugadugai a sallah, kuma bayan gida na tsuguno, alaturka tuvalet, yana nan a gidaje da masallatai da tashoshi. Dattijuwar da ta karanta tambayar za ta tuna zaman tahiya ne, inda gwiwa ke lanƙwashewa har ƙarshe, ɗalibin jami'a kuma ya tuna kujerar aji inda ta tsaya a kusurwar digiri 90. Amsoshinsu za su shiga shafi ɗaya alhali abu biyu suka auna. Maganinsa kalma ɗaya ce, sandalyede, wato a kan kujera. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin tabarma da sallah da tsuguno namu ne mu ma, kuma duk wanda zai mayar da irin wannan takarda Hausa zai ci karo da tambayar nan a wuri guda.

Za a ji sha'awar ƙara tambaya kan sallah ko bayan gida, kuma sha'awar tana da hujja. Amma da zarar an ƙara tambaya cikin jimillar maki, an ƙirƙiri sabon ma'auni ne, ba za a ƙara iya kwatanta shi da na sauran ƙasashe ba. Hanya mafi tsabta ita ce a sa misali a cikin tambayar da take akwai, kamar a ambaci sallah a ƙarƙashin durƙuso, diz çökmek, da yardar masu ma'aunin. Idan ana son ƙarin tambayoyin, a yi su a wata takarda, a ba da rahotonsu dabam. Sannan duk takardar ta yi magana da siz, lafazin girmamawa, kada sen, wato kai ko ke, ta ɓullo ko sau ɗaya.

Gwajin farko

A ba majinyata 30 zuwa 40 masu ainihin ciwon su cika takardar, a tabbatar akwai mata da maza, matasa da manya, masu digiri da waɗanda suka tsaya a firamare. Kada a tambaye su ko sun gane, kowa zai ce ya gane. A ce wa mutum ya faɗi tambayar da kalmominsa, ya kuma faɗi abin da ya tuna lokacin da yake sa alama. A nan ake ganin wanda ya zagaye kalmar ƙarshen layi maimakon ya sa alama a kansa, da wanda ya rubuta lamba a sama, da wanda ya ja doguwar alama a karkace da ba a san inda za a auna ba. Umarni ya ce a ja gajeren layi a tsaye guda ɗaya, a kuma sa misali a saman shafi. Duk tambayar da mutane da dama suka yi tuntuɓe a kanta ta koma kwamiti.

Rula da injin kwafi

Wannan ƙaramin abu ne da ke lalata bincike sukutum. Layin dole ya zama milimita 100 cif. Injin kwafi da firinta suna rage shafi don ya shiga takarda, sai layin ya dawo milimita 94 ko 96 ba wanda ya lura. A buga duk takardun daga fayil ɗaya, a girmansa na ainihi, a auna layukan kowane ƙunshi da rula kafin a raba. Mutum ɗaya ya riƙa auna amsoshi, da rula ɗaya, daga gefen hagu, zuwa milimita mafi kusa, wani kuma ya sake auna kashi 10 cikin ɗari na takardun don a ga ko sun dace. Wajen shigar da lambobi a kwamfuta a tuna cewa Turkawa waƙafi suke sawa a inda Ingilishi ke sa ɗigo, 4,5 a madadin 4.5. Idan saitin manhajar bai dace ba, za ta ɗauki lambar a matsayin rubutu ko ta watsar da ita shiru. Shigar da milimita zalla, 45, ya kawar da matsalar.

Akwai kuma wanda ba ya gudu ko wasanni sam. Idan ya sa sifili, an ɗauka ba ya jin ciwo, alhali wataƙila ciwon ne ya hana shi. A tanadi gurbin da zai nuna bai yi aikin ba, a bi ƙa'idar lissafin ta asali, a kuma rubuta ta tun farko. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauki matsakaicin tambayoyin da aka amsa: wanda ya amsa 8 jimillarsu ta kai santimita 44, makinsa 44 a raba 8 a ninka 10, wato 55.

Su wa za a ɗauka, kuma nawa

Ma'anar ciwon da masana suka amince da ita a 2016 ita ce ciwo a kewaye ko bayan ƙoƙon gwiwa, wanda ke tsananta da aƙalla aiki ɗaya da ke ɗora nauyi kan lanƙwasasshiyar gwiwa, kamar tsuguno, matakala, gudu ko tsalle. A cire masu raunin guringuntsin tsakiyar gwiwa ko jijiyoyin da ke riƙe ta, masu ciwon jijiyar ƙasan ƙoƙon, waɗanda ƙoƙonsu ya taɓa gocewa, waɗanda aka yi wa tiyata, masu amosanin gaɓɓai, da waɗanda ciwon daga ƙugu ko baya yake saukowa. Mai ciwo a gwiwa biyu ya amsa kan wadda ta fi damunsa. Ƙirga gwiwoyinsa a matsayin mutum biyu kumbura adadi ne, domin amsoshin ba su da 'yanci daga juna.

Ƙa'idojin Terwee da abokan aikinta na 2007 sun nemi aƙalla mutum 50 don gwajin maimaituwa, wato sake ba mutum takardar a ga ko makinsa zai dawo daidai, sannan don binciken tsarin tambayoyi, wato duba ko duk abu ɗaya suke aunawa, a samu ninki 7 na yawan tambayoyin, kuma kada a gaza 100. Ga takarda mai tambayoyi 10, a nufi 100 zuwa sama, a ƙara wasu saboda masu ɓacewa. Kuma kada a tara su duka daga ɗaliban sashen fisiyo don sun fi sauƙin samu. Samari masu ƙaramin ciwo makinsu kusa da juna yake, wannan kuma yana danne alƙaluman daidaito, sannan sakamakon bai shafi matar gida mai shekara 40 da ke zuwa asibitin gwamnati ba.

Lissafin da kansa

Daidaiton ciki, wato yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare, ana auna shi da lambar da ake kira alfa ta Cronbach, ana son ta faɗa tsakanin 0.70 da 0.95. Idan ta haura haka, a koma a duba ko tambayoyi biyu sun zama ɗaya a fassara, kamar sassarfa da gudu. Alfa tana da ma'ana ne idan tambayoyin abu ɗaya suke aunawa, don haka binciken tsari ya riga ta. Idan tambayoyin hutawa da barci sun ware gefe guda, na motsi sun ware wani gefen, a faɗi hakan a rahoto yadda ya fito.

Maimaituwa ita ce a sake ba mutum takardar ba tare da ciwonsa ya canza ba. Tazara gajera tana sa ya tuna amsarsa, doguwa kuma tana ba ciwon damar canzawa. Kwana 2 zuwa 14 aka saba, mako guda ya fi dacewa da yawancin asibitoci. Kada a fara atisaye ko manna filasta ko sabon magani a tsakani. Ranar dawowa a fara da tambaya guda: gwiwarka ta yi sauƙi, ta tsananta, ko tana nan yadda take? Masu cewa tana nan kaɗai ke shiga lissafi. A yi amfani da ICC, lissafin da ke nuna yadda makin zagayen biyu suka dace, nau'insa na cikakkiyar dacewa, a ba da shi tare da iyakokin tabbacinsa na kashi 95 cikin ɗari, kuma kada ya gaza 0.70. Don yanke hukunci kan mutum ɗaya a asibiti ana son ya kusanci 0.90. Lissafin dangantaka na Pearson bai dace da nan ba: da kowa zai ƙara maki 10 a zagaye na biyu, zai nuna dacewa cikakkiya. Zanen Bland da Altman, wanda ke nuna bambancin makin zagayen biyu na kowane mutum, shi ke tona irin wannan gocewar.

Daga ICC ake fitar da lambar da likita ya fi bukata. Kuskuren awo, SEM, shi ne bazuwar maki, wato yadda makin majinyata ya watsu daga matsakaici, a ninka da tushen murabba'in abin da ya rage idan an ɗebe ICC daga 1. Mafi ƙarancin canjin da za a yarda da shi, MDC, shi ne SEM a ninka 2.77. A ɗauka bazuwar 16 ce, ICC kuma 0.90: SEM ya zama kusan 5.1, MDC kusan 14. Ma'ana, majinyacin da ya sauko daga 60 zuwa 50 bai fita daga cikin kuskuren awo ba tukuna. Da ICC ya kai 0.95 da bazuwar nan, MDC zai sauko kusan 10. Rahoton da ya kawo ICC ya bar MDC ya bar likita da hannu wofi.

Sahihanci kuwa, wato ko takardar tana auna abin da aka ce tana aunawa, tunda babu wani tabbataccen awo na ciwo da za a kwatanta ta da shi, da hasashe ake gwada shi. A ba majinyatan wasu ma'aunai da aka riga aka tantance da Turkanci a rana guda: Kujala, layin ciwo na gama-gari, da SF-36, takardar tambayoyi kan lafiyar mutum gaba ɗaya. A rubuta tun farko cewa ana sa ran dangantaka mai ƙarfi da Kujala kuma ta juye, tunda shi yawan maki sauƙi ne, a nan kuwa tsanani. Ana sa ran matsakaiciya da sashen ciwon jiki na SF-36, da mai rauni da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. A sa adadi ga kowanne, misali 0.50 zuwa sama ga mai ƙarfi, ƙasa da 0.30 ga mai rauni. Idan kashi 75 cikin ɗari na hasashen sun tabbata, an ci jarrabawar. Ƙaramar lambar p, wadda ake kafa hujja da ita cewa sakamako ba katari ba ne, ba hujja ba ce a nan, domin da mutum 100 ko dangantaka mai rauni za ta fito da ita. Girman dangantakar ake dubawa.

A duba kuma ko fiye da kashi 15 cikin ɗari sun taru a maki mafi ƙasa ko mafi sama. A wannan ciwo tambayar hutawa da ta tafiya sukan tara sifili da yawa, don haka a duba kowace tambaya, ba jimilla kaɗai ba.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe, domin yana cin lokaci: shin ma'aunin yana ganin sauƙi idan ya samu? A bi majinyata ta cikin shirin atisayen ƙarfafa cinya da ƙugu na mako 6 zuwa 12, a sake ba su takardar tare da tambayar yadda suke ganin canjin da kansu, daga ya tsananta sosai zuwa ya warke sarai. A raba waɗanda suka ce sun samu sauƙi da waɗanda ba su samu ba, a zana lanƙwasar ROC, wadda ke nuna yadda canjin maki ke bambance rukunan biyu, ana son filin ƙarƙashinta ya kai 0.70. Daga nan ake samun ƙaramin canjin da majinyaci ke jin amfaninsa. A ajiye shi kusa da MDC: idan ya fi MDC girma, ma'aunin zai yi aiki kan mutum ɗaya a ɗakin likita. Idan bai kai ba, amfaninsa ya tsaya ga kwatanta rukuni da rukuni a bincike, kuma haka za a rubuta a rahoto, tare da cikakkiyar takardar Turkancin da ƙa'idar lissafinta domin asibitin gaba ya buga ta yadda take.